Tsohon tef, sabon bango: aikin da ke bayan kalmar "rimasta"

A watan Yunin 2014 aka sake fitar da faifan farko na Led Zeppelin, ƙungiyar kiɗan rock ta Birtaniya, wanda ya fara shiga kasuwa a Janairun 1969. Jimmy Page, mai jitar ƙungiyar, shi ya tsaya a kan aikin kamar yadda ya tsaya a kan na asali. Aka haɗa da gyara: wasan da suka yi a zauren Olympia na birnin Paris ranar 10 ga Oktoban 1969, wanda wani gidan rediyon Faransa ya naɗa. Salon da kamfanonin kiɗa suka riƙe ke nan ga tsofaffin faifan rock, wato faifan situdiyo da aka sake tacewa, sai wasan dandali a gefensa. Kalmar rimasta da ake mannawa a bango ba ta faɗa wa mai saye komai game da inganci. Abin da ke raba aikin ƙwarai da na jeka-na-yi-ka shi ne wane tef aka ɗauko, yaya aka karanta shi, kuma injiniya ya san inda zai cire hannunsa ko bai sani ba.

Akwai kalmomi biyu da ake yawan cakuɗawa. Rimasta aiki ne a kan tef ɗin da aka riga aka gama haɗawa, mai layi biyu, hagu da dama. Ganga da jita da murya duk sun narke cikin juna, injiniya ba zai iya ɗaga murya shi kaɗai ba, sai dai ya taɓa sautin gaba ɗaya. Rimis kuwa komawa ake yi ga tef mai layuka huɗu, takwas, 16 ko 24, inda kowane kayan kiɗa yake da layinsa, a sake haɗa su daga tushe. Faifan Beatles da suka fito a Satumban 2009 rimasta ne. Abin da mai haɗa sauti Giles Martin ya yi wa faifansu Sgt. Pepper na 1967 a shekarar 2017 rimis ne. Wanda ya sayi rimis yana zaton zai ji abin da ya saba ji, sai ya tarar an matsar da ganga zuwa tsakiya.

Aikin yana farawa ne a ma'ajiya. Faifai ɗaya yakan sami tef da yawa masu ɗauke da sunansa: uwar tef, kwafin ajiya, kwafin da aka aika wa reshen kamfani a wata ƙasa, da kuma kwafin da aka gyara musamman don yanka faifan garmaho. Wannan na ƙarshen shi ne tarko. An rage masa kaurin bes, an danne masa kaifi, don allura ta iya bi. Faifan CD da yawa na shekarun 1980 daga irinsa aka kwafe su, shi ya sa suke fita siriri kamar an tsame musu jini. Kowane kwafi daga kwafi kuma yana ƙara shuuu ɗin tef, kwafin farko da kusan desibel 3 a ma'aunin ƙarfin sauti. Wani lokaci uwar ma babu ita. Gobarar da ta tashi a ma'ajiyar kamfanin Universal da ke Hollywood a Yunin 2008 ta cinye tef na asali masu yawan gaske.

In an sami tef ɗin, ba a ɗora shi kan na'ura kai tsaye. Wani abin mamaki, tef na 1968 yakan fi na 1978 lafiya. Daga tsakiyar shekarun 1970 aka riƙa amfani da wani irin danƙo wajen manne garin maganaɗisu a jikin zaren, irin na Ampex 406 da 456, kuma danƙon nan yana shan laimar iska. Bayan shekaru sai ya yi laushi. Ka kunna irin wannan tef, za ka ji yana ƙugi, baƙin datti na taruwa a kan hed, wato ɗan ƙarfen da ke karanta zaren, kaifin sauti na dushewa cikin minti ɗaya ko biyu. Dattin nan kiɗan ne da kansa yake gogewa, kuma ba ya dawowa. Maganinsa gashi. Ana sa tef a akwatin ɗumi mai fanka, zafin ya tsaya tsakanin digiri 50 da 55, na wasu awoyi ga siririn tef mai faɗin kwatan inci, ya fi haka daɗewa ga mai inci biyu. Sai a bar shi ya huce a hankali har ya koma zafin ɗaki. Gyaran na ɗan lokaci ne, makonni kaɗan laima za ta koma, don haka a kwafe shi nan da nan. Tef mai zaren asitet kuwa ba a gasa shi ko kusa, zafi zai ƙanƙance shi ya karye. Gane shi ba wuya: a ɗaga faifan zaren a hasken fitila ta gefe, in haske ya ratsa asitet ne, in ya toshe foliyesta ce. Asitet da ya fara lalacewa yana warin tsami. Sai kuma mahaɗai, inda aka yanka zare da reza aka liƙa. Salatif ɗin ya bushe, dole a bi su ɗaya bayan ɗaya a sake.

Daga nan sai saita na'ura, inda rabin ingancin aikin yake. Injiniyoyin da suka san abin da suke yi sukan naɗa sautin gwaji a farkon tef: 1 kHz don ƙarfi, 10 kHz don kaifi, 100 Hz don kauri. Da na 10 kHz ake daidaita tsayuwar hed, abin da ake kira azimut. In hed ya karkata ko da ƙanƙani, hagu da dama ba sa isowa tare, kuge ya yi duhu. Idan babu sautin gwaji, sai a haɗe hagu da dama wuri ɗaya a riƙa murɗa sukurun a hankali har kuge ya fito fes. Akwai kuma ma'aunin naɗi iri biyu a gudun inci 15 cikin daƙiƙa, NAB na Amurka da CCIR na Turai. Ka karanta tef na Landan da ma'aunin Amurka, kauri da kaifi duk sun goce. Haka Dolby A, wanda ya shigo situdiyo a tsakiyar shekarun 1960 don rage shuuu. Tef da aka naɗa da shi aka karanta babu shi yakan fita da tsini da hayaniya. Wanda babu shi aka karanta da shi yakan toshe, sautin yana numfashi sama-sama. Akwatin tef ba kullum yake faɗin gaskiya ba, kunne ne alƙali.

Ana kwafewa zuwa kwamfuta a bit 24, da 96 ko 192 kHz, ba tare da an taɓa komai ba. A kan wannan kwafin ake aiki, tef ya koma ma'ajiya a naɗe wutsiya waje. Gyaran da ya dace ƙarami ne: rabin desibel nan, desibel ɗaya can, a cire ƙas-ƙas na mahaɗi, a cike gurbin da gari ya zube. Ɓarna takan zo daga wuri biyu. Na farko na'urar goge shuuu, wadda in aka matsa mata takan tafi da amon ɗaki da jelar kuge, kiɗa ya koma kamar a cikin kwali. Na biyu gasar ƙara. Tun daga shekarun 1990 ake danne ƙololuwar sauti don faifai ya fi na maƙwabci amo. A tsohon faifan rock tazarar da ke tsakanin dukan ganga da matsakaicin sauti takan kai desibel 12 ko fiye. In an danne ta koma 6 ko 7, ganga ba ta da wurin tashi, kunne ya gaji kafin waƙa ta uku. Ga mai ganga irin John Bonham na Led Zeppelin, wanda nauyin hannunsa ne rabin ƙungiyar, wannan yankan ƙauna ne. Kuma ribar ta ƙare, tunda Spotify da ire-irensa suna daidaita ƙarar waƙoƙi zuwa wajen −14 LUFS a ma'aunin ƙara. Wanda aka danne sai a rage shi, ya zauna a shafe kusa da wanda aka bari da ransa.

Faifan dandali shi ne inda na fi sa kunne, domin a nan ake ganin halin masu aikin. Tushensa iri huɗu ne. Mafi daraja shi ne tef mai layuka da yawa da aka naɗa da kayan situdiyo na tafi-da-gidanka, kamar yadda injiniya Martin Birch ya naɗi ƙungiyar Deep Purple a Osaka da Tokyo a Agustan 1972 a layi takwas. Sai naɗin gidan rediyo, wanda aka haɗa nan take, ba a iya warware shi. Sai naɗin teburin mai kula da lasifikan zaure. Wannan yana da tsabta amma a karkace yake: murya da ganga sun yi yawa, jita ta yi ƙasa, saboda amfilifayar jita ta riga ta cika zauren da kanta, mai tebur bai ga dalilin ƙara ta ba. 'Yan kallo kuwa kamar ba su zo ba. Na huɗu shi ne kaset ɗin wani ɗan kallo, mai cike da iska da tafi, ga nisa. Akan haɗa na uku da na huɗu, amma sai an lissafa tafiyar sauti. Sauti na cin mita 343 a daƙiƙa, don haka makirfon da ke mita 30 daga dandali yana makara da kusan milisakan 87. In ba a jawo shi baya ba, kowane duka sai ya fito biyu. Kuma na'urorin biyu ba gudunsu ɗaya ba, don haka saitin farkon waƙa ba zai kai ƙarshenta ba.

Gudun tef yana da dabara mai daɗi. Wutar lantarkin Turai tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, kuma gurnaninta yakan shiga naɗi ta wayoyin amfilifaya. Injiniya ya duba gurnanin a kwamfuta. In wasan Turai ne ya gan shi a 51.5, tef yana gudu da kashi 3 cikin ɗari fiye da kima, wato muryar mawaƙi ta hau da kusan rabin ƙaramin mataki. A sauke shi zuwa 50, kiɗa ya koma mazauninsa. Bayan an gama amfani da gurnanin sai a yanke shi da siririn tata a 50, 100 da 150, a kula kar a tafi da bes. Wata matsalar ita ce ƙarewar zare. Babban faifan zare mai ƙafa 2,500 minti 33 kawai yake ɗauka a inci 15, ƙungiyoyin lokacin kuwa sukan ja waƙa ɗaya minti 20. Inda babu na'ura ta biyu da za ta karɓa, sai a sami rami a tsakiyar waƙa, a cike shi daga wani dare.

Wannan ciko shi ne abin muhawara, kuma labarin ƙungiyar The Who ya fi kowanne nuna shi. An naɗe su a Jami'ar Leeds ranar 14 ga Fabrairun 1970, washegari kuma a Hull. Na Leeds ne ya fito a watan Mayu, waƙa shida kacal, da wani ƙas-ƙas da wayar da ta sami matsala ta jawo. A jikin faifan aka rubuta da hannu cewa ƙarar ba laifi ba ce, kar a gyara. Da aka faɗaɗa shi a 1995 aka goge ƙarar, aka sauya rubutun ya ce an gyara. Na Hull kuwa ya kwana shekara 40 a ajiye, domin da aka saurari farkon tef ɗin ba a ji jitar bes ta John Entwistle ba. Daga baya aka gano a waƙoƙin farko kaɗai ta ɓace. Don fitowar 2010, aka ɗauko bes ɗinsa na daren Leeds aka dasa a waɗannan waƙoƙin. Ka tuna mai gangarsu Keith Moon ba ya kaɗa waƙa da gudu ɗaya dare biyu, don haka sai an yanka layin bes gunduwa-gunduwa, ana ja ana matsawa har kowane bugu ya hau kan ganga. A ganina wannan halal ne, saboda mutum ɗaya ne, waƙa ɗaya, tazarar kwana ɗaya, kuma an faɗa a fili. Wanda ba na yafewa shi ne a shiga situdiyo a sake rera murya, ko a ƙara tafin wani taro, a yi shiru. Kunne yakan kama shi. Makirfon mawaƙi a dandali yana kwasar ganga da jita ta bayansa, don haka in ganga ta yi duhu daidai lokacin da murya ta shigo, ko ka ji inuwar wata murya tana bin ta a baya, an taɓa.

Ga mai son faifan garmaho, lissafi ne ke mulki. Gefe ɗaya yana ɗaukar minti 18 zuwa 22 cikin walwala. Fiye da haka sai an matse layukan, ƙara ta ragu, bes ya tsuke. Shi ya sa wasan Led Zeppelin na Paris ya ci faifai biyu shi kaɗai. Allura tana tafiyar kusan santimita 50 a daƙiƙa a bakin faifai, amma kusa da tsakiya ta sauka zuwa wajen 20, don haka waƙa mai yawan kuge in ta faɗo ƙarshen gefe sai ta yi kaushi. Yawancin sababbin faifan nan daga fayil ɗin kwamfuta ake yanka su, nauyin giram 180 da ake tallatawa kuma bai taɓa sauti ba, sai dai faifan ya fi jin hannu.

Kafin saye, a buɗe ɗan littafin da ke ciki ko a nemi bayaninsa. Aikin da aka yi da gaskiya yakan faɗi tef ɗin da aka ɗauko, sunan wanda ya kwafe, ranar kowane wasa da zaurensa, da inda aka yi ciko. In za a gwada sabo da tsoho, a fara daidaita ƙararsu da mita, domin bambancin desibel ɗaya ya isa ya sa kunne ya zaɓi mai ƙarfi ko da ya fi muni. Sai a zaɓi wurin da waƙa ta yi laushi sannan ganga ta faɗo, a saurari daƙiƙa 20 a wannan, 20 a wancan, a kuma saurari ƙarshen waƙa inda kuge ke mutuwa, a ji ko ya mutu a hankali cikin shuuu ɗin tef ko an datse masa jela.