Allin da ya ɓata mana aikin sati uku

In na ce wa mutum sana'ata ƙera kayan tsafi, sai ya ɗan ja baya ya kalle ni tukuna. To na takarda ne dai, a kwantar da hankali. Mu uku ne a ɗan kamfaninmu, ni ke rubutu da lissafi, abokina ke zane, sai wadda ke mana gyaran rubutu da tsara shafi, ita ce kuma mai hana mu sakin shirme. Takubba, zobba, sanduna, alkyabba mai ɓatar da mutum, irin su muke ƙirƙira wa masu buga wasan labari na kan tebur, musamman Dungeons & Dragons, mu sayar a PDF, wani lokacin kuma mu buga su kati-kati.

Wanda bai san gem ɗin ba, tun 1974 yake, Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da shi a Amurka. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, kowa da jarumin da yake ja, mutum ɗaya kuma shi ne mai jan labari, duk abin da ka ce za ka yi in akwai shakka sai a jefa dayis mai fuska 20. Ƙananan kamfanoni irin namu mun samu ƙofa ne saboda a 2000 kamfanin Wizards of the Coast, mai gem ɗin, ya fitar da lasisin da ya ba kowa damar rubuta kaya a kan dokokinsu, a 2023 kuma suka saki ginshiƙin dokokin bugu na biyar na gem ɗin ƙarƙashin Creative Commons, wani buɗaɗɗen lasisi da ke ba kowa damar amfani da su.

Sabon shiga a wannan aikin lamba yake tsoro, gani yake in bai cika wa takobi ƙari ba, wato +1 ko +2 da ake ɗorawa kan lambar da dayis ya bayar, shikenan ya tsira. Lambar kam tana da nata. Kowane +1 a dayis mai fuska 20 kashi 5 ne cikin 100, shi ya sa bugu na biyar da ya fito 2014 ya tsaya a +3, alhali tsofaffin bugu har +5 suke kaiwa. Inda mutane ke faɗawa rami kuma wajen kariya ne ba wajen sara ba. A ce dodo sai ya jefa 16 ko sama kafin ya same ka, kashi 25 kenan, ka ɗora garkuwa mai +3 yanzu sai ya jefa 19, ya dawo kashi 10, wato fiye da rabin dukan da kake sha ya tafi da abu ɗaya tal. In ka bari aka haɗa ta da sulke da zobe duk masu ƙari, ai ka gama da mai jan labari, sai dai ya riƙa ƙirƙiro dodanni na musamman saboda mutum ɗaya, su kuma dodannin su riƙa tattake sauran 'yan tebur da ba su ji ba ba su gani ba.

Amma wannan duk kalkuleta na kama shi. Abin da ya taɓa kunyata ni ba shi da lamba ko ɗaya a jikinsa.

Alli ne. Na rubuta cewa in ka zana ƙofa da shi a jikin bango, ƙofar za ta zama ta gaske na minti ɗaya. A kaina abin gudun tsira ne, an rutsa ku a kurkuku sai ku zana ku fice, har ina jin daɗin kaina na saka shi a rukunin kayan da ba su da tsananin wuyar samu. Ranar gwaji muka ba 'yan tebur wani gidan ƙarƙashin ƙasa mai hawa uku da na kwashe sati uku ina tsarawa, tarko, makullai, wani mai gadi da sai an yi masa wayo, komai da komai. Wata 'yar wasa da ba ta cika magana ba ta juya katin ta karanta sau biyu, ta ce "malam, daɓen ƙasa ma ai bango ne in ka kwanta ko?" Na buɗe baki na rufe. Ban rubuta cewa ba haka ba ne. Suka zana ƙofa a ƙasa suka dira hawa na biyu, suka sake zanawa suka dira na uku, minti goma sha biyar suna gaban akwatin taska, ba su ga mai gadin ba balle tarkon. Sati na gaba aka sa su a jirgin ruwan 'yan fashi, kun dai san me suka yi wa gindin jirgin.

Abokina dariya har da riƙe ciki, ya ce oga ai zanen da na yi wa mai gadin nan sai ka biya ni sau biyu tunda ba wanda ya gan shi.

Abin da allin ya yi shi ne ya ɗauke wani nau'in matsala gaba ɗaya daga tebur. Bango ya daina zama bango, to mai jan jarumin da ke matsayin ɓarawon tawaga, wanda ya kashe duk makinsa wajen koyon buɗe makulli me ya rage masa? Irin wannan ba ni kaɗai ya taɓa samu ba, har a manyan littattafai akwai abin da ake muhawara a kai. Wani takalmi mai fukafukai da ke littafin bugun 2014 yana rukuni na biyu daga ƙasa cikin rukunai biyar na wuyar samu, amma yana ba ka tashi sama har awa huɗu, alhali mai sihiri sai ƙarfinsa ya kai mataki na 5 kafin ya samu sihirin tashi, shi ma minti goma ne kuma sai ya tattara hankalinsa a kai. Ka ba ɗan mataki na 2 wannan takalmin, rami da kogi da katanga da duk dabbar da ba ta harbi sun zama ado. Haka a bugu na uku, sandar warkar da ƙananan raunuka mai caji 50, wato tana aiki sau 50, a kan zinare 750 na cikin gem ta sa kowa na shiga kowane faɗa da cikakkiyar lafiya. Ni dai tun daga allin nan na daina yarda da tambarin rukuni, nawa ko na wani.

Ban jefar da shi ba fa, don yadda idon 'yar wasan nan ya yi haske lokacin da dabarar ta zo mata, ai shi kwastoma ke biya. Gyara muka yi. Ya zama guntun alli mai zane uku kacal, in ya ƙare ya ƙare, bango kuma sai tsayayye wanda kaurinsa bai wuce ƙafa biyu ba, ƙofar kuma in ta buɗe tana ƙara irin ta tsohon ƙyaure wadda duk mai kunne a kusa zai ji. Da muka sake gwadawa da wasu mutanen daban, sai da suka yi kusan minti ashirin suna gardama a gaban bango ɗaya, a kashe zane na biyu a nan ko a ajiye. Wannan gardamar nake nema. Tsofaffin dabaru ne dama, bugu na biyar ya hana mutum ɗaura manyan kaya fiye da uku a jikinsa lokaci guda, sandunansa da yawa caji 7 ne suna ɗan cikowa da asuba, in ka ƙarar da na ƙarshe kuma ka jefa 1 sandar ta lalace.

Yanzu duk abin da na rubuta sai ya bi ta tebur biyu aƙalla, kuma ɗaya dole a samu irin mutanen nan masu karanta kati kamar lauya. Ni kuma ba dayis nake kallo ba, fuskoki nake kallo, wa ya ɗauko waya yana latsawa tun da aka ba wani sabon takobi. In mutum ɗaya ya yi shiru zagaye uku a jere, kayan na komawa kan teburina ko da lissafinsa ya fita tsaf.

Mai gyaran rubutunmu ta ƙara doka ɗaya, bayanin kowane kaya sai ya shiga bayan kati ɗaya ba tare da an matse rubutu ba, wai in ya fi haka ba wanda zai tuna yana da shi a tsakiyar faɗa. Satin nan wata igiya mai ɗaure kanta nake fama da ita, ta dawo min da katin sau uku, na ƙarshen ta ja layi ƙarƙashin kalmar "komai", inda na ce igiyar na ɗaure komai, da jan biro ta rubuta a gefe: har wuyan dodo?