Lissafin yinin Talata a bayan ambulan

Jiya da dare na faɗa wa wani abokina cewa iyalina da karatun da nake son komawa su ne gaba da komai a rayuwata, sai ya tambaye ni minti nawa na ba su a ranar. Na yi dariya na kawar da zancen, amma tambayar ta kwana tana cina. Shi ya sa tun da safe na ɗauki wata tsohuwar ambulan, na riƙa rubuta duk abin da na yi a bayanta, awa bayan awa.

Yanzu ƙarfe goma ta gota, ambulan tana gabana. A cikin minti 1,440 na yini da dare, barci da aikin ofis sun kwashe kasonsu, kuma ba ni da ƙorafi a kansu, tunda da aikin nake riƙe gida. Inda gizo ke saƙar shi ne daga dawowata zuwa yanzu. Wayata da kanta ta ba da shaida cewa na yi awa biyu da minti 40 tsakanin WhatsApp da Facebook, mafi yawa ina musu a wani zaure da ban san rabin mutanensa ba. Littafin da na ce zan karanta ko taɓa shi ban yi ba.

Wajen ƙarfe bakwai 'yata ta zo da littafin lissafinta, ta ce, "Baba, don Allah duba mini wannan." Na ce, "Ina zuwa, Mamana," ban ko ɗago kai ba. Ta jingina da hannun kujera tana tauna gindin fensir, ta daɗe a tsaye, sannan ta wuce ba ta ce uffan ba.

A shekarar 1954 shugaban Amurka Dwight Eisenhower ya yi wani jawabi inda ya bambanta al'amari na gaggawa da al'amari mai muhimmanci. Na daɗe da sanin wannan, har nakan kawo shi a taron ofis, amma sai yau na gane dalilin da ya sa na gaggawar yake cin galaba a kaina: shi yana da ƙararrawa, yana haska fuskar waya, yana neman amsa nan take. Waɗanda na ce su ne gaba da komai kuwa masu kawaici ne, kuma kawaicin nasu nake ci.

Na kai wayar wani ɗaki na sa ta caji, na leƙa wurin yarinyar. Ta yi barci, littafin a buɗe kusa da kanta. Ta goge amsar tambaya ta uku har takardar ta kusa hujewa, amma da na ɗaga shafin a hasken fitila na ga sawun abin da ta fara rubutawa, kuma daidai ne.