Layi ɗaya

Talata, bayan isha'i.

Da ciwon maƙogwaro na tashi yau. Ba ni kaɗai ba, duk gidan haka muke, Ummi ma tun shekaranjiya take tari. Hazon bana kun ga yadda ya lulluɓe Kano, da safe ko ƙarshen layinmu ba a hangowa. Abban Ummi ya kurkure da ruwan ɗumi da gishiri ya kama gabansa. Ni kuwa ina tsaye gaban madubi ina ɗaura ɗankwali, sai na tsinci yatsuna a ƙarƙashin haɓata suna lalube. Na ji ɗan ƙulli kamar ƙwayar wake. Nan take gabana ya faɗi. Kunun da na dama a kofi na bar shi har ya yi sanyi.

Asalin abin, a watan Mayu ne allura ta soke ni a asibitin da nake aiki. Na gama ɗibar jinin wata baiwar Allah mai ɗauke da HIV, ta motsa hannu, allurar ta huda safar hannuna ta shiga babban yatsana na hagu. Na wanke da sabulu a bakin famfo, kuma ko awa 2 ba a yi ba na haɗiyi ƙwayar farko ta maganin kariya, alhali awa 72 ne iyakar fara shan sa. Kwana 28 na yi ina sha, ban tsallake ko ɗaya ba, duk da rashin barcin da ya sa ni. An gwada ni a ranar, an sake a mako na 6, an sake a wata na 3, an rufe da na wata 6 a Nuwamba. Takardu huɗu, duk magana ɗaya: ba na ɗauke da HIV. Suna nan cikin jakata, sun yi laushi saboda yawan buɗewa da ninkewa.

Yau ranar awo ce, mata sun cika benci har waje. Da bakina na yi wa wata mai cikin fari bayani, na ce ta kwantar da hankalinta, sakamakonta lafiya lau, za a sake dubawa in ciki ya tsufa kamar yadda ake yi wa kowa. Ta yi murmushi, ta yi godiya, ta tafi. Na bi ta da kallo ina jin ina ma ni ce.

Ana yin azahar na wuce ɗakin gwaji wurin Anti, mai yi wa mutane gwajin. Na same ta ita kaɗai tana shafa man kaɗanya a hannu. Ban ko zauna ba na ce, "Anti, don Allah ki taimaka ki sake duba ni."

Ta ɗago ta dube ni ta saman gilashinta. "Wani abin ne ya sake faruwa? Wata allurar ce?"

Na ce a'a. Na nuna mata wuyana.

Ta wanke hannu, ta danna wurin a hankali, ta sa na buɗe baki ta haska da tocilan ɗin wayarta. Ta ce, "Kaluluwar mura ce, ƙanwata. Maƙogwaronki ya yi ja. Da zan bi matan da ke kan bencin can in taɓa wuyansu, da na samo miki irinta da yawa." Sai ta ja kujera ta ce in zauna. "Gaya min gaskiya, sau nawa ke nan?"

Na ce huɗu. Ta yi shiru tana kallona. Na sunkuyar da kai na ce shida. Biyun a gida na yi, da wanda ake saya a kemis a goga a dasashi. Ko Abban Ummi bai sani ba.

Ta ce, "To, ni yau mara lafiya ce, ke ce ma'aikaciya. Na zo miki da takardar wata 6 bayan allura ta soke ni. Yi min bayani."

Na yi mata, muryata na rawa. Na ce tsinken gwajin da muke amfani da shi ba ƙwayar cutar yake nema ba, sojojin da jiki ke ƙerawa don yaƙar ta yake nema, su kuma sai sun ɗauki lokaci kafin su bayyana, daga kamar mako 3 zuwa kwana 90. Na ce gwajin babban ɗakin bincike, wanda ake ɗibar jini daga jijiya, yakan gano ta tun kafin haka, zuwa kwana 45. Na ce wanda ya sha maganin kariya akan ƙara bin sa har wata 6 don a toshe kowace kafa, daga nan an rufe magana. Na ce ko ba a sha komai ba, cikin mutum 1,000 da allura mai jinin cutar ta soka, kusan 3 ne ke kamuwa. Balle ni da na sha magani a kan lokaci, balle kuma matar ta daɗe a kan nata maganin, cutar ta kwanta a jininta.

Anti ta ce, "Akwai ƙarya a abin da kika faɗa?"

Na ce babu.

"To me ya rage?"

Nan hawaye suka zubo min. Na ce ban sani ba, Anti. Na ce duk ranar da na ga layi ɗayan nan a kan tsinken, alamar babu cutar, sai in ji kamar an sauke min dutse daga ƙirji, in yi kwana uku ko huɗu ina barci mai daɗi. Daga nan sai wata murya ta fara: in tsinken ya lalace saboda zafi fa? In jinin da aka ɗiga bai isa ba fa? In ke ce mutum ɗaya a duniya da jikinta ya yi jinkiri fa? Na gaya mata yadda na taɓa ɓoye tsinken wata na 3 a aljihu na kai gida, da tsakar dare na haska shi a banɗaki ina neman inuwar layi na biyu, alhali ni nake gaya wa ɗalibai cewa a minti 15 ake karantawa, in ya wuce awa ɗaya ba a kula shi. Na gaya mata ranar da na yanke da wuƙa ina yanka albasa, Ummi ta rugo za ta kama hannuna, na daka mata tsawar da ta sa ta maƙale a bayan ƙofa tana kuka. Wannan ita ta fi ci min rai. Yarinya 'yar shekara 3, tausayina kawai ta ji.

Anti ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta ce, "Ba tsinke nake miki rowa ba, ga su nan a kwali. Amma ba zan yi miki ba. In na yi, yau za ki ji daɗi, ran Asabar ki dawo. Kowane gwaji abinci kike ba wa abin nan." Ta ce a gidansu akwai wata gwaggonta da takan yi alwala sau biyar, sau shida kafin salla ɗaya, har lokaci ya kusa fita, ƙafafunta duk sun tsage saboda ruwa. Ba ruwan ne ya kasa ba. Wani malami ne ya zaunar da ita ya tuna mata abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa mai kokwanton ko alwalarsa ta karye a cikin salla: kada ya fita sai ya ji ƙara ko ya ji wari. Ta ce, "Yaƙini ba ya gushewa saboda shakka. Ke kina da yaƙini har guda shida. Waswasi ne ke damunki, shi ma ciwo ne, kuma yana da masu maganinsa."

Da ta ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai na ji raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Anti, sai ka ce wadda za a kai asibitin masu taɓin hankali na Dawanau." Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ke da kike faɗa da masu ƙyamar masu HIV, yau ke ce da wannan maganar?" Na rasa ta cewa. Gaskiyarta ce, kuma har yanzu kunyar furucin nake ji. Ta rubuta min suna da rana a 'yar takarda, Alhamis da safe. Ta ce in ina so za ta raka ni.

Adaidaita sahu ya sauke ni daidai ƙofar kemis ɗin unguwarmu. Na tsaya jim, na wuce.

Tuwon shinkafa da miyar kuka. Wuta ba ta zo ba. Umma ta kira, na ce mata mura ce kawai.

Bayan Ummi ta yi barci na gaya wa Abbanta komai, har da biyun da na ɓoye. Ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce, "Ni tun na watan Agusta na yarda. Ban san ke kina can ke kaɗai ba." Ya ce zai nemi izini a wurin aiki ran Alhamis.

Akwai sauran abin gwaji guda ɗaya a ƙasan akwatina, ƙarƙashin atamfofi. Na ɗauko na miƙa masa na ce ya ajiye inda ban sani ba. Tun da na fara rubutun nan sau biyu hannuna ya tafi wuyana, na biyun na kama shi a hanya na mayar kan cinyata. Ummi na tari a ɗaki, bari in kai mata ruwan zuma.