Shagon da ba ya tafiya sai maigida na zaune

Duk wanda ya daɗe yana hulɗa da 'yan kasuwar Sakkwato, daga Tsohuwar Kasuwa zuwa Babbar Kasuwa, ya san wannan matsalar. Ciniki na tafiya, jama'a na shiga suna fita, amma komai a kan maigida yake: farashin sari, wanda ake bi bashi, wanda ba a ba shi bashi ko da ya rantse, dillalin da ke kawo kaya mai kyau daga Illela. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, ko ya tafi aikin Hajji ya yi wata guda, sai waya ta dinga ƙara: "Alhaji, nawa za mu bar masa katan?" Dalilin da kowa ke bayarwa shi ne rashin lokacin zama a yi rubutu. Amma rashin rubutun ne ke cinye lokacin, domin tambayar da aka amsa jiya ita za a sake amsawa yau da gobe.

A fara da bashi, don a nan dukiya ta fi zurarewa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Duk da haka, sai ka tarar da littafin bashi da aka cakuɗa sunaye goma a shafi ɗaya, babu kwanan wata. Abin da ke aiki shi ne kowane mai karɓar bashi ya sami shafinsa: kwanan wata, kayan da ya ɗauka, adadi, farashin ranar, abin da ya biya, abin da ya rage, sannan ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. A saman shafin a rubuta iyakar da ba za a wuce masa ba. Farashin ranar yana da muhimmanci ƙwarai, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kaya suka riƙa tashi babu ƙaƙƙautawa. Rigima kan taso idan mai bashi ya zo biya da tsohon farashi, mai shago kuma yana lissafi da sabo. Haka nan a ware shafuka na bashin da ake bin shagon. Idan mutuwa ta zo, sai an biya bashi kafin a raba gado, kuma magada ba su da abin dogara in ba wannan littafin ba. An sha ganin marayu sun yi asarar haƙƙinsu saboda masu riƙe da kuɗin mahaifinsu sun yi shiru.

Rufe ciniki da yamma bai kamata ya wuce minti goma sha biyar ba. Misali, an buɗe da canjin naira 20,000, an yi cinikin 185,000, daga ciki 70,000 ta taransifa suka shigo, an kashe 15,000 wajen dako da man janareta. To dole a tarar da 120,000 a aljihun tebur. In babu su, a nemo dalili a daren, kafin kowa ya manta. Yawanci ba sata ba ce: maigida ne ya zari kuɗin cefane bai rubuta ba, sai zargi ya faɗa kan yaron shago. Saboda haka dokar ta fara hawa kan mai shagon. Ya yanka wa kansa albashi, duk abin da ya ɗauka ya shiga littafi.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, taransifa ta zama ruwan dare, alat na bogi ma ya biyo ta. A rubuta doka ɗaya a manna kusa da teburin kuɗi: ba a sakin kaya don an ga saƙon tes ko hoton rasit a wayar mai saye, sai an buɗe manhajar banki an ga kuɗin sun shiga. Asusun shago kuma ya zama daban da na gida.

Masu sarrafa kaya su suka fi buƙatar rubutu. Ɗauki gidan burodi. Mai kwaɓi ya san aikinsa da ido da hannu, ranar da ya bar aiki sai burodin ya canza ɗanɗano, masu shayi su koma wani gidan. Maganin shi ne a auna komai da sikeli a kan buhun fulawa mai kilo 50: sukari, gishiri, yis, bota da ruwa, kowanne da nauyinsa, ba da gwangwani ko tafin hannu ba. Gishiri kan tsaya tsakanin giram 750 da kilo ɗaya. In ya yi yawa yana danne yis, in ya yi kaɗan ƙullun ya tashi da gaggawa ya yi lami. Kuma takarda ɗaya ba ta isa shekara a garin nan. A zafin Afrilu da Mayu, da ma'auni ke haura digiri 40, ƙullu na saurin kumbura har ya yi tsami, don haka a kwaɓa da ruwan sanyi a rage lokacin jira. Da hunturu kuwa sai an ƙara masa lokaci. A rubuta na bazara daban, na sanyi daban, tare da nauyin kowane curi da adadin burodin da buhu ke bayarwa. Da wannan adadin ake gane ko fulawa na bin wata hanya.

Mai ajiyar albasa ma haka: ranar da aka zuba a rumbu, buhu nawa, daga wace gona, da abin da aka tsince ya ruɓe a kowane dubawa. Ba tare da wannan ba, zai ga farashi ya ninka ya ɗauka ya ci riba, alhali ruɓewa da ƙanƙancewa sun cinye rabinta.

Wajen rubutawa, kada maigida ya ce sai ya zauna ya tsara komai a rana ɗaya, ba zai taɓa gamawa ba. Aiki ɗaya a mako ya isa, a fara da wanda aka fi kiransa a waya a kansa. Wanda ke yin aikin shi zai faɗi matakan yana yi, wani na rubutawa, kada su wuce shafi guda. Daga nan a miƙa wa sabon yaro ya bi takardar ba tare da an ce masa uffan ba. Duk inda ya tsaya yana waige-waige, akwai matakin da aka tsallake. Wanda bai iya boko ba a rubuta masa da ajami, ko a ɗauki murya a WhatsApp.

Wasu na tsoron yara za su kwashe sirrin sana'a su buɗe nasu. Tsoron yana da tushe, amma ana iya raba abin biyu: yadda ake aiki ya zauna a shago kowa ya gani, farashin sari da lambobin dillalai kuma su zauna a wani littafi da maigida da amintaccen mutum ɗaya kawai suka san inda yake.

Takarda kuma tana ƙonewa. Gobarar da ta tashi a Babbar Kasuwar Sakkwato a watan Janairun 2021 ta ci shaguna masu yawa, kuma littafin da aka bari a shago tare da kaya yake tafiya. Kowace Juma'a a ɗauki hoton sababbin shafuka da waya, a tura wa wannan amintaccen, a duba cewa lambobin sun fito sarai kafin a rufe littafin.