Asabar ɗin da na yi a makarantar Affies ta Pretoria

Wani taron aiki ne ya kai ni Afirka ta Kudu a watan Yuli, kuma duk wanda zai je can a wannan lokacin to ya ɗau rigar sanyi mai kauri, don lokacin da muke cikin damina su hunturu suke, sanyin asubarsu ya fi na Jos a Disamba. Daga filin jirgin OR Tambo na hau jirgin ƙasan nan Gautrain, aka canja a Marlboro, sai tashar Hatfield a Pretoria. Abokin aikin da ya tarbe ni Bature ne ɗan Afrikana, wato Turawan can masu jin harshen Afrikaans, ya ce ranar Asabar ɗansa zai buga ragbi, wasan ƙwallon nan da ake gudu da ita a hannu, a makaranta, lallai sai na zo. Ni ban san kan ragbi ba amma na bi shi, kuma wallahi na ji daɗin da na je.

Cikakken sunan makarantar Afrikaanse Hoër Seunskool, amma kowa Affies yake cewa. Sakandaren gwamnati ce ta maza zalla, ga ta ga ƙaton filin wasan Loftus Versfeld inda aka buga wasu wasannin kofin duniya na 2010, jami'ar Pretoria ma nan kusa take. Muna shiga yara suka dinga gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, kowa cikin kwat mai ratsin launin makaranta, abokina suna ce masa "oom" wato kawu, ni kuma "meneer" wato yallaɓai. Yaro ba zai gifta babba bai gaishe shi ba, wannan kam ya burge ni sosai.

Wasan tun safe ake farawa, ƙananan aji tukuna, tim bayan tim har a zo kan manyan da yamma, su ake ce wa Wit Bulle, fararen bijimai, suna sa farar riga. Lokacin da suka fito kai ka ce gasar ƙasa ake, ɗalibai sun cika benci guda suna waƙa da murya ɗaya, tsofaffin ɗalibai masu furfura sun zo da jikoki, iyaye mata na soya fanke mai sukari da kirfa suna sayarwa kuɗin ya shiga asusun makaranta. Tsiren tsiran-alade da ake gasawa ban taɓa ba tunda ban san me ke ciki ba, fanken da kofi na sha. Daga makarantar nan Fourie du Preez ya fito, wanda ya ci kofin duniya na ragbi a 2007, haka AB de Villiers da Faf du Plessis na kurket, su biyun ma tare suka yi karatu.

Amma ni abin da ya tsaya min a rai tarihin ne. A 1920 aka buɗe ta, a wani gida na Janar Piet Joubert a titin Visagie, ɗalibai 44 da malamai 3, maza da mata a haɗe, sai a 1930 aka raba, 'yan matan suka samu tasu makarantar nan kusa. Ku duba fa, a 1920 ko amincewa da Afrikaans a matsayin harshen hukuma ba a yi ba, sai 1925, Ingilishi da Holanci ne ke da daraja, Afrikaans ana masa kallon yaren kicin. Amma mutanen nan da yaƙinsu da Ingila bai daɗe da ƙarewa ba suka ce 'ya'yansu da harshen gida za su koyi lissafi da kimiyya, suka zauna suka rubuta littattafai suka ƙirƙiri kalmomi. Yau yaron abokina da Afrikaans yake karanta kimiyyar sinadarai, da shi zai rubuta jarrabawar fita, kuma Ingilishi a bakinsa ras. Na tuna yawanmu mu masu Hausa, gaskiya sai da raina ya sosu.

To sai dai ba zan yabi abin in yi shiru a kan ɗaya gefen ba. Harshen nan da waɗannan suka zaɓa wa 'ya'yansu, shi gwamnatin wariyar launin fata ta ɗora wa 'ya'yan baƙaƙe dole, har ɗaliban Soweto suka fito ranar 16 ga Yuni 1976 'yan sanda suka buɗe musu wuta, cikin waɗanda aka kashe har da Hector Pieterson, yaro ƙarami. Kuma kyawawan filayen da nake kallo an gina su ne a zamanin da ake kashe wa ɗan Bature ninkin ba ninkin abin da ake kashe wa baƙin yaro. Na faɗa wa abokina haka a mota, bai musa ba. Ya dai ƙara min da cewa yawancin masu jin Afrikaans a gida ma ba Turawa ba ne, kuma Musulmin Cape Town na cikin waɗanda suka fara rubuta shi, da haruffan Larabci, a makarantun allonsu, wani malami Abu Bakr Effendi ma da haka ya rubuta littafin addini a ƙarni na 19. Ajami kenan irin namu, na yi mamaki ba kaɗan ba.

Rigimar har yanzu ba ta mutu ba. Jami'ar Pretoria ta daina koyar da sababbin ɗalibai da Afrikaans tun 2019, sannan a 2024 Shugaba Ramaphosa ya sa hannu a dokar BELA wadda ta ƙara wa hukumar ilimi ta lardi iko a kan harshen koyarwa da ɗaukar ɗalibai, abin da a da kwamitin iyaye ke yankewa. Abokina yana ganin so ake a haɗiye makarantunsu. Direban tasin da ya kai ni Laudium neman abincin halal washegari, Basotho ne, cewa ya yi makarantar gwamnati ce da harajin kowa, don me harshe zai zama katanga alhali a unguwarsu yara sun yi wa aji yawa. Ni dai ina ganin ba rufe Affies ko mayar da ita Ingilishi ne zai gyara ba, a gina wa masu Sesotho da Zulu irinta da harshensu, da kuɗi irin wanda aka zuba mata. Direban ya ce yaushe kenan, shekara 30 suna jira tun ƙarshen mulkin wariyar launin fata.