Daga shibra zuwa sauro: doka ɗaya ce ke aiki

Duk manomin hatsi a ƙasar Maraɗi ya san shibra. Tana tsirowa a gona kamar hatsin kirki, amma zangarniyarta kan zubar da ƙwaya tun kafin girbi. Asalinta gaurayen hatsin gida ne da na daji, domin iska ke kwasar garin fure daga wannan zuwa wancan. Hatsin daji da zuba yake rayuwa, wanda bai watsar da ƙwayarsa ba ba shi da zuriya baɗi. Na gida kuwa, sama da shekara 4,000 manoman Sahel suna ɗebe iri daga zangarniyar da ta riƙe ƙwayarta har rumbu, shi ya sa halin riƙewa ya rinjaya. Wanda ya bar shibra ta yi fure kusa da gonar irinsa, da hannunsa yake mayar da hatsinsa daji. A tuge ta kafin fure, iri kuma a zaɓe shi daga tsakiyar gona.

Abin da Charles Darwin ya bayyana a 1859 shi ne cewa irin wannan zaɓe yana gudana ko babu manomi. Sharaɗi uku ne: ƴaƴan jinsi ɗaya sun bambanta, bambancin ana gadonsa, sannan wasu sun fi wasu rayuwa da haihuwa a yanayin da suka samu kansu. In ukun sun haɗu, zuriya sai ta sauya. Yadda gadon ke tafiya kuma, aikin Gregor Mendel na 1866 ne ya fara warware shi. A ganina, malamin da ya koyar da ilimin halittu ba tare da wannan ba ya bar ɗalibi da tarin sunaye, babu zaren da ya haɗa su.

Dubi sauro. Yawancin gidajen sauron da ake rabawa an jiƙa su da maganin dangin firetiroyid, mai kama jijiyar ƙwaro. Cikin dubban sauro akwai ƴan kaɗan da aka haifa da wani ɗan sauyi a daidai inda maganin ke kamawa. Mutane kan ce sauro ya saba da magani. A'a, masu rauni ne suka mutu, masu juriya suka hayayyafa, kuma da zafin damina sauro na iya kammala zuriya ɗaya cikin mako biyu. Dalili ke nan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2023 da gidan sauro mai magani iri biyu: da wuya sauro ɗaya ya gaji kariya daga duka biyun.

Ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro ma haka ta yi wa kulorokin, har aka daina dogaro da shi aka koma haɗin atemisinin. Nau'in haɗin nan mai atemita da lumefantirin shan sa sau shida ne cikin kwana uku, na biyu bayan awa takwas da na farko, tare da nono ko abinci mai maiƙo don ya shiga jiki sosai. Inda ake ɓata lamari shi ne a rana ta biyu, jiki ya yi sauƙi, sai a ajiye sauran wa wani yaro. Ƙwayoyin da suka rage a jini a lokacin su ne mafi taurin kai, su sauro zai kwasa ya kai gidan maƙwabci.

Masu ajiyar wake su ma su lura. Ƙwayar maganin hayaƙi a buhun da ke yoyon iska ba ta kashe ƙwari duka, tana tace masu juriya ne. Buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda aka gwada tare da masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasar Nijar, rashin iska yake kashewa da shi. A busar da waken sosai, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, kada a buɗe sai ranar amfani.

Sikila ce ta nuna dokar a jikinmu. A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai jinin AS, wato wanda ya gaji sikila daga ɗaya kawai cikin iyayensa, ya fi tsira daga mummunan zazzaɓi, shi ya sa wannan gado ya yawaita a wurare da dama da sauro ya yi katutu. Amma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zama SS, wato mai ciwon sikila, kuma lissafin sabo ne a kowace haihuwa, ko da ƴaƴa uku na farko sun fito lafiya. Gwajin jini kafin a sa rana shi ne ke nuna wa iyaye inda aka tsaya.