Gyaran tsohon gida ba a yanke masa kuɗi ta waya

Sana'ata gini da gyaran gidaje, ina da 'yar tawagata, birkiloli da kafinta da mai tayil da mai wayarin da mai famfo, kuma da wuya rana ta faɗi waya ba ta shigo ba mutum ya ce oga ɗaki uku da falo nake so a gyara min, nawa za ka yi? Amsata ɗaya ce kullum, sai na zo na gani. Wasu haushi suke ji, su kashe su kira wani ya faɗa musu kuɗi nan take. To ni dai in gaya maka, duk wanda ya yanke maka kuɗin gyara bai taka gidan ba, ko dai bai san aikin ba, ko kuma ya riga ya shirya ƙara maka kuɗi a tsakiya, lokacin da an kwashe rufi an fasa bango ba ka da yadda za ka yi.

Sabon gini lissafinsa da sauƙi, ga zane ga awo, ka san bulo 10 ne ke rufe mita ɗaya tsawo da faɗi sai ka buga. Tsohon gida kuwa ciwonsa a ɓoye yake. Wannan a wajen maigidana na koya, Allah ya jiƙansa, mutumin da ba ya buɗe baki kan kuɗi sai ya zagaye gida kaf da ƙaramar gudumarsa yana ƙwanƙwasa filasta yana kasa kunne. In ya ji ƙarar ta yi kamar ganga sai ya ce min zo ka ji, nan filastar ta rabu da bulo, ko fentin duniya ka shafa sai ta zubo. Ya sa ni hawa cikin silin da tocila in soki kowane katako da ƙusa in ga ko gara ta cinye cikinsa, ga zafi ga ƙura, ina saukowa ya tambaye ni guda nawa ne suka mutu kuma ta wane ɓangare, in ban iya faɗa ba in koma. Shi ya nuna min bambancin tsagar da ke kan filasta kawai da wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga, irin wadda ke nuna harsashi ne ya zauna. Har yau haka nake yi, ina duba danshin gindin bango, in buɗe soket ɗaya ko biyu in ga wace irin waya ce a ciki, in kunna famfo in bi layin ruwa. Kafin in rubuta ko lamba ɗaya na san gidan fiye da mai shi.

Ba na hana kowa neman ƙiyasi wajen wasu, ka nemi na mutum uku ma, haƙƙinka ne. Amma don Allah abu ɗaya za ka ba su duka. Zauna ka rubuta abin da kake so, wane ɗaki, me za a fasa, me za a bari, tayil har ina, fenti shafi nawa, ka ba kowa kwafi. In ka gaya wa wannan da baki ka gaya wa wancan ta waya, takardu uku za su zo maka na ayyuka uku daban, kai kuma ka zauna kana kallon jimlar kuɗin da ke ƙasan takarda kawai.

Takardar da nake bayarwa ba layi ɗaya ba ce da aka rubuta gyaran gida jimla kaza. Kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, kowane abu da adadinsa da girmansa. In linta za a zuba, wato kankaren da ke saman ƙofa da taga, zan rubuta rodi mai 12mm ne, kankare haɗin 1:2:4, wato siminti ɗaya yashi biyu tsakuwa huɗu. Wayar fitila 1.5mm, ta soket 2.5mm, ta hita ko na'urar sanyaya ɗaki ta fi haka kauri kuma layinta daban. Kwano in rubuta kaurinsa, don 0.45mm da 0.55mm a ido kusan ɗaya suke, a kan rufi kuma ba ɗaya ba. Tayil in ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda yanka da fashewa, in ba haka ba ranar da ya ƙare za a koma a tarar irinsa babu. Har kwashe ɓaraguzai da kuɗin mota da ruwan aiki ina sawa, su ne abubuwan da masu araha ke yin shiru a kansu sai aiki ya yi nisa su ce ai wannan ba ya ciki.

Nan ne abin ke ci min rai wallahi. Ka ɓata yini kana awo, ka kwana kana lissafi, sai mai gida ya ɗauki takardarka ya kai wa wani ya ce ga abin da wane ya ce, kai nawa za ka rage? Shi kuma wancan ko tef bai riƙe ba ya ce zan yi a ƙasa da haka. Ta ina zai rage? Buhun siminti kilo 50 ne a hannun kowa, ba a yi masa nasa daban ba. Zai rage ne inda idonka ba ya kaiwa, rodi mai 10 a madadin 12, siminti kaɗan yashi ya yi yawa, waya siririya a binne cikin bango, shafin farko na fenti a tsallake. Kankare yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kai kwana 28 yake cika ƙarfinsa, su kuwa da wuri suke cire katakon tallafi don su kai wani aikin. Da yawa cikin gidajen da ake kirana gyara yanzu gyaran gyara ne, mai gida ya biya sau biyu.

Masu sayar da kaya ma suna da nasu, ka biya kuɗin rodi mai 12 a kawo maka wanda bai cika ba, bulo ka ɗaga ya ruguje a hannu. Shi ya sa ba a sauke min kaya sai ina tsaye ko babban yarona, mu auna, wanda bai yi ba ya koma a motar da ya zo. Kuma saboda farashi ba ya zama wuri ɗaya nake rubuta ranar da ƙiyasina zai daina aiki.

In mutum ya ce min yallaɓai a rage mana wani abu, sai in ce ranka ya daɗe mu buɗe takardar tare, nuna min abin da za a cire. Za a iya barin ɗaki ɗaya zuwa gaba, za a iya canja tayil da mai sauƙi, amma rodi da siminti da waya ba na taɓa su, haka in kana so a cire bango a haɗe falo sai an tabbatar ba shi ke ɗauke da nauyin sama ba, in kuwa shi ne, injiniya zai zo ya ba mu girman bim, wato dogon kankaren da zai ɗauki nauyin a madadin bangon, kuɗinsa ma yana cikin takarda.

Biya kuma kashi-kashi muke yi, kafin alƙalami na sayen kayan farko, saura bayan kowane mataki ka zo ka gani da idonka, na ƙarshe ka riƙe sai mun zagaya tare an gyara duk abin da ka nuna. Ka ajiye kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a gefe saboda abin da zai fito in an fasa, kuma in ya fito ba na ci gaba sai na kira ka ka gani, mu rubuta ƙarin a bayan takardar mu sa hannu mu biyu.